Yadda ake gano ragowar maganin ƙwari a man girki

Tambaya: Ina da ƙaramin injin matsar man gyaɗa da na riɗi. Wani mai saye ya ce sai na kawo takardar gwaji da ke nuna babu ragowar maganin ƙwari a man. Me ake yi wa mai a ɗakin gwaji? Ta yaya zan san takardar da za a ba ni abin dogaro ce? Kuma babu yadda zan duba da kaina?

Amsa: Malam, ta ƙarshen ce mai gajeriyar amsa: babu yadda za ka duba da kanka. Ido ba ya gani, hanci ba ya ji, ɗanɗano ma ba zai gaya maka komai ba, domin abin da ake nema ya yi ƙanƙanta ƙwarai. A dokar Tarayyar Turai mai lamba 396/2005, duk maganin da ba a yanka masa iyaka ta musamman ba, iyakarsa miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Wato miligiram 10 a tan guda, kamar nauyin ƙwayar gero ɗaya ke nan a cikin jarka 44 masu cin lita 25. In har mai ya kai ga yin warin magani, maganar ta wuce ta ragowa, guba ce, kada ma ya kusanci kasuwa. Mai sayenka kuma ba takura maka yake yi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda daikulobos, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya, kuma irin wannan asarar ce kowane ɗan kasuwa yake gudu.

Ba kowane magani ke bin mai ba. Akwai masu son ruwa, akwai masu son maiƙo. Magungunan ciyawa irin su gilaifoset da farakwat masu son ruwa ne, idan aka matse gyaɗa a tunkuza suke zama, da wuya su shiga man. Masu son maiƙo su ne damuwarmu: tsofaffin magunguna masu kulorin kamar DDT, aldirin, dildirin, endosulfan da lindan wanda manoma suka sani da Gamalin, sai kulofirifos, sai dangin safametirin da lamda-saihalotirin da deltametirin da ake fesa wa auduga da wake. Tsofaffin nan an hana su ko an taƙaita amfani da su ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 da ƙarin da aka yi mata daga baya, amma suna shekaru a ƙasa ba su ruɓe ba, gyaɗa kuwa a cikin ƙasar take 'ya'ya. Ka kuma lura cewa kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, saboda haka maganin da ya bi mai yawansa a kilon mai kan ninka abin da ke kilon gyaɗar kusan sau biyu. Manyan matatu suna wanke mai, su tace shi da yumɓu, su busa masa tururi a zafin da ya haura digiri 200, wannan yana rage da yawa daga cikin magungunan. Man da aka matse aka tace da ƙyalle bai bi ta nan ba, abin da ya shigo da shi da shi zai fita.

Aikin yana farawa daga hannunka, wajen ɗibar samfur. Akwai ƙa'idar ISO 5555 a kan ɗibar samfurin mai, amma jigonta mai sauƙi ne. A motsa man sosai, a ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa, daga duro ko jarkoki daban-daban na matsa guda, a haɗa su, a zuba mililita 250 zuwa 500 a sabuwar kwalbar gilashi mai duhu. Kada a sa a gorar ruwa ko ta lemo. Roba tana sakin sinadaranta cikin mai su rikita na'ura, kuma ba ka san abin da gorar ta taɓa ɗauka ba. Manja da man kaɗanya sai an narkar da su a digiri 40 zuwa 50 an gauraya, domin abin da ke cikin ruwa-ruwan sama da na daskararren ƙasa ba ɗaya ba ne. Rubuta ranar matsa da lambar kaya, ka cika kwalba ta biyu ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Ranar da aka yi gardama kan sakamako, ita za a koma wa.

A ɗakin gwaji, babbar wahalar ba na'ura ba ce, man ne da kansa. A tumatir ko alayyafo maganin yana zaune a cikin ruwa ne, cire shi ba wuya. A nan kuwa samfurin kusan gaba ɗayansa maiƙo ne, maganin kuma halinsu ɗaya da maiƙon, duk abin da ya narkar da wannan yana son narkar da wancan. Na'urorin awo kuma ba sa jure maiƙo ko kaɗan. Don haka kusan duk gwanintar tana wajen raba su ba tare da an zubar da maganin tare da man ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce QuEChERS, wadda Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu suka fitar a 2003, ta kuma zama ƙa'ida da sunan AOAC 2007.01 da EN 15662. Asalinta don kayan lambu aka tsara ta, samfur giram 10 zuwa 15. Idan aka auna mai giram 10 aka bi ta yadda take, aikin ya lalace tun daga farko. Ga mai, ana rage samfurin zuwa giram 2 ko 3 a bututun roba na musamman mai cin mililita 50. A fara ɗiga masa sinadarin shaida, wani abu da aka san adadinsa kuma ba a samunsa a mai, misali tirifenil fosfet, a bar shi ya ratsa. Sannan a zuba wani ruwan sinadari mai suna asitonaitiril, mililita 10. Dalilin zaɓen wannan ruwan shi ne yana kwasar yawancin magunguna amma ba ya haɗuwa da mai sosai. A girgiza da inji minti 10 zuwa 15, domin girgizar hannu ta minti ɗaya ba ta isa mai kauri. Wasu suna ƙara ruwa giram 7 a kan mai giram 3, sai su zuba gishirin raba ruwa: magnisiyom salfet giram 4 da gishirin sodiyom kuloraid giram 1, tare da gishirin sitiret mai hana tsamin ruwan ko kaifinsa (irin na kanwa, kishiyar tsami) sauyawa. Da an zuba gishirin a girgiza nan take, in ba haka ba sai ya dunƙule ya riƙe wani ɓangare na samfurin, kuma bututun yana yin zafi, wanda ke cutar da magungunan da ba su jure zafi. Daga nan sai injin wulwulawa, juyi 4,000 a minti har minti 5. Man zai kwanta a ƙasa, asitonaitiril ya hau sama da maganin.

A nan matsala ta farko take. Magungunan da suka fi kowa son maiƙo, irin su aldirin, DDT da heksakulorobenzin, ba sa yarda su bar man duka a karo ɗaya. Ana iya rasa kashi uku cikin goma, wani lokaci har rabi. Mafita ita ce a narkar da man tukuna a heksen, wani ruwan sinadari mai narkar da mai, sannan a wanke shi da asitonaitiril da aka riga aka ƙosar da heksen, sau biyu ko uku, a haɗa ruwan wankin. Ya fi cin lokaci da kayan aiki, amma ga wanda tsofaffin magungunan nan yake nema, babu makawa.

Ruwan saman nan ana ganinsa garau, amma har yanzu da maiƙo a cikinsa. Mataki mafi araha shi ne a sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, awa biyu aƙalla, wasu ma kwana suke barinsa. Maiƙon zai daskare ya manne a bango da gindin bututun, sai a tsiyaye ruwan da sauri tun yana da sanyi. Jinkirin 'yan mintoci a ɗaki mai zafi ya isa ya sake narkar da shi, kuma idan wuta ta ɗauke cikin dare firizar ta huce, a ɗauka ba a yi matakin ba.

Sai tacewa da hoda. Ga kowace mililita ɗaya ta ruwan ana zuba magnisiyom salfet miligiram 150 don tsotse ragowar ruwa, hodar PSA miligiram 25 zuwa 50, da hodar C18 miligiram 25 zuwa 50, a girgiza rabin minti a sake wulwulawa. PSA tana kama tsamin mai, abin nan da ke yawa a manja da man da ya kwana biyu a ajiye. C18 tana kama maiƙo. Kowacce kuma tana da ɓarnarta. PSA tana kama magungunan ciyawa masu tsami irin su 2,4-D, tana kuma mayar da ruwan mai kaifi, inda daikulobos da kaftan ke saurin ruɓewa, shi ya sa ake ɗiga ɗan asid na fomik da zarar an gama. C18 in ta yi yawa sai ta haɗa da DDT ta riƙe. Ga manja, jan launinsa sai an sa baƙar hodar gawayi ta GCB, ita kuwa tana kama magungunan da ƙirarsu shimfiɗaɗɗiya ce, kamar kulorotalonil da heksakulorobenzin, don haka 'yan miligiram kaɗan ake sawa. Akwai sababbin hodoji da aka ƙera don maiƙo kawai, EMR-Lipid ta kamfanin Agilent da Z-Sep mai sinadarin zakoniyom. Suna aiki da kyau, sai dai ta farkon ba ta kama komai sai an jiƙa ta da ruwa, kuskuren da sababbin ma'aikata kan yi. Man riɗi, wanda kai ma kake matsa, yana da nasa sinadaran, sesamin da sesamolin, waɗanda ke bin asitonaitiril su fito da yawa a na'ura. Hanyar da aka tabbatar a kan man gyaɗa ba lalle ta yi daidai a kan riɗi ba, sai an gwada ta a kansa.

Tsohuwar hanya da har yau ba ta da na biyu wajen tsafta ita ce GPC. Dogon bututun gilashi ne cike da ƙananan ƙwayoyi masu huji, Bio-Beads S-X3, ana tura samfurin ciki da haɗin saikuloheksen da etil asitet rabi da rabi, mililita 5 a minti. Ƙwayoyin maiƙo manya ne, nauyinsu wajen 800 zuwa 900 a ma'aunin ƙwayar sinadari, ba sa shiga hujin, sai su fara fita a zubar da su. Magungunan, yawancinsu masu nauyin wajen 200 zuwa 500, suna shiga hujin su makara, sai a tare su daga baya. Abin lura shi ne dangin safametirin suna da ɗan girma, suna fitowa dab da wutsiyar maiƙon. In aka makara wajen fara tara, an zubar da su. In aka yi gaggawa, maiƙo ya shigo. Tana cin ruwan sinadari da yawa, samfur ɗaya kan ɗauki fiye da rabin awa. Wasu ɗakunan kuma suna ƙone maiƙon da asid na salfa mai ƙarfi. Yana tsabtacewa tas, DDT da lindan suna tsira, amma dildirin da endirin da endosulfan suna lalacewa, haka yawancin magungunan zamani. Takardar da ta ce babu dildirin bayan an bi wannan hanya ba ta faɗi komai ba.

Kafin awo akan rage ruwan da iskar naitirojin a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Kada a bari ya bushe ƙarƙaf. Daikulobos yana da saurin tashi, yana bin iska ya tafi, kuma shi ne wanda aka fi zargi a kayan da aka adana a rumbu da sito.

Na'urorin awo iri biyu ne, kuma ɗaya ba ta wadatarwa. Ta farko GC, wadda ke mayar da samfur tururi. Ana allurar maikirolita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, a ƙofa mai zafin digiri 250, iskar hiliyom ta tura shi cikin siririn bututu mai tsawon mita 30 da faɗin milimita 0.25, murhun yana hawa a hankali daga wajen digiri 70 zuwa 300. Kowane magani da lokacin fitarsa. A ƙarshen bututun akwai abin da ke shaida shi. Wani irinsa mai suna ECD yana jin masu kulorin ƙwarai kuma ya fi araha, shi ya sa ɗakunan gwaji da yawa suke da shi. Sai dai lokacin fita kawai yake nunawa, ba ya tabbatar da ko wane ne ya fito, kuma dattin mai ko na roba na iya fitowa daidai lokacin lindan. Duk abin da ECD ya nuna, sai an tabbatar da shi a wani bututu daban ko a na'urar MS/MS. Ita wannan tana fasa ƙwayar sinadarin, ta zaɓi ɓangare guda, ta sake fasa shi, ta auna gutsattsarin. Da wuya datti ya kwaikwayi lokacin fita da gutsattsari biyu a lokaci guda.

Maiƙon da ya kuɓuce wa tacewa a nan yake ramuwa. Yana taruwa a ƙofar na'urar ya ƙone, siffar sakamako ta fara jan wutsiya, lokutan fita su gusa, DDT ya riƙa ruɓewa a ƙofar ya koma DDE da DDD. Ɗaki mai kula yana allurar tsantsar DDT da endirin kafin fara aiki, in ruɓewar ta haura kashi 15 cikin 100 a tsaya, a sauya gilashin ƙofar, a yanke ɗan tsawo daga bakin bututun.

Ta biyu LC-MS/MS, don magungunan da zafi ke lalatawa ko ba sa zama tururi, kamar imidakulofirid, kabendazim, kabofuran da daimetowet. Ana tura samfurin cikin gajeren bututun C18 da ruwa da metanol. Matsalarta daban ce: dattin da ya fito tare da magani yana danne siginarsa, sai a karanta ƙasa da abin da ke akwai. A GC kuwa sau da yawa akasin haka ne, dattin yana ƙara siginar. Saboda haka ba a auna samfurin mai da ma'aunin da aka haɗa a tsantsar ruwan sinadari. Ana samo mai irinsa wanda aka tabbatar ba shi da magani, a bi da shi duk matakan, a haɗa ma'aunin a cikin ruwansa. Gilaifoset da farakwat da iskar fosfin ta ƙwayar Phostoxin ba sa cikin wannan jerin ko kaɗan, kowanne da hanyarsa, da kuɗinsa daban. Akwai kuma 'yan kayan gwajin gaggawa masu sauya launi da ake tallatawa. Dangi biyu kawai suke ji, masu fosfaras da kabamet, ba sa ganin DDT ko safametirin, ba sa faɗin sunan magani, kuma maiƙo yana rikita su. Mai saye ba zai karɓe su a matsayin takarda ba.

Yanzu takardar. Takardar ƙa'ida ta Turai mai suna SANTE/11312/2021 ita ce ɗakuna da yawa suke bi, kuma za ka iya auna kowane ɗaki da ita. Abu mafi muhimmanci shi ne gwajin dawowa: a ɗauki mai mai tsabta, a zuba masa adadin magani da aka sani, a bi da shi duk matakan, a ga nawa ya dawo. Ana son kashi 70 zuwa 120 cikin 100, kuma bambancin maimaici kada ya wuce kashi 20. Ga masu taurin kai irin su aldirin ana karɓar ƙasa da 70 in yana maimaituwa daidai, amma ba ƙasa da 30 ba, kuma sai an gyara lissafi. Lokacin fita kada ya kauce da fiye da minti 0.1, gutsattsari biyu aƙalla, kuma rabonsu kada ya kauce wa na ma'auni da fiye da kashi 30. Ɗakin da ba zai iya nuna maka alƙaluman dawowarsa a kan mai ba, a kan mai fa, ba tumatir ba, kada ka ba shi kuɗinka.

Ga yadda lissafin yake. An ɗauki mai giram 2 a mililita 10, na'ura ta karanta nanogiram 4 a kowace mililita (nanogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na miligiram). Nanogiram 40 ke nan a giram 2, wato miligiram 0.02 a kilo. A Turai hukumomi suna ba da rangwamen rashin tabbas na kashi 50, don haka ana karanta shi tsakanin 0.01 da 0.03, kuma ba a yanke cewa kaya ya karya doka sai ƙasan adadin ya haura iyaka. Amma wannan na hukuma ne. Mai saye na iya ƙin kayan da ya nuna 0.02 kai tsaye, gara ku yi wannan maganar kafin gwaji.

Kalmar "ba a gano ba" ita ta fi yaudarar mutane. Ma'anarta ba a gani ba sama da mafi ƙarancin abin da ɗakin ke iya aunawa, wanda ake rubutawa LOQ, kuma a cikin magungunan da aka nema kawai. In LOQ ɗinsu 0.05 ne mai sayenka kuma 0.01 yake so, takardar ba ta amfane ka ba. In magunguna 15 masu kulorin kawai aka nema, babu wanda ya duba daikulobos ko kulofirifos. Saboda haka takarda mai kyau za ta jera sunan kowane magani, LOQ ɗinsa, hanyar da aka bi, na'urar da aka yi amfani da ita, da iyakar wace ƙasa aka gwada da ita, ta Turai ko ta Codex, wato ƙa'idar abinci ta ƙasa da ƙasa. Yawancin iyakokin Turai a kan ƙwayar aka yanka su, gyaɗa ko riɗi, sai a lissafa na mai gwargwadon yawan man da ke fita, ya kamata takardar ta nuna yadda aka yi wannan lissafin.

Nemi ɗakin da ke da shaidar ISO/IEC 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji, ka kuma duba jerin ayyukan da shaidar ta ƙunsa, domin ɗaki na iya samunta a kan gwajin ruwa alhali mai ba ya ciki. A Najeriya NiNAS na cikin masu ba da wannan shaida, NAFDAC kuma tana da ɗakunan gwaji a Oshodi da Kaduna. Karɓi jerin magungunan daga mai sayen a rubuce kafin ka aika samfur, ka kuma tambaye shi ko yana son afulatoksin, gubar nan ta funfuna da ke addabar gyaɗa, domin gwajinta daban ne kuma ba ta cikin wannan.

In sakamako ya fito da magani, a gwada kwalbar ajiyar don tabbatarwa, sannan a gwada gyaɗar ko riɗin kafin matsa. In ƙwayar ce ke ɗauke da shi, bincika sito da dillalin da ya kawo ta, musamman in daikulobos ne, domin shi a wurin ajiya aka fi zuba shi. In ƙwayar ta fita da tsabta man kuma bai fita ba, duba jarkoki da durorinka da feshin da ake yi a ɗakin injin. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta wankuwa, domin maganin yana ratsa jikin robar, mai kuma yana tsotso shi a hankali.